Me Ya Hana Ɗalibai Shiga Ofishin Mai Ba da Shawara?

A shekarar 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya riƙa gani a jikin ɗaliban Najeriya. Yaro zai zo ya ce kansa na zafi kamar an hura wuta a ciki, ko wani abu na yi masa tafiya a ƙarƙashin fatar kai, idanu na dishi-dishi, wuya ya riƙe, ya karanta shafi sau uku babu abin da ya zauna. Sunan da aka san ciwon da shi daga bakin ɗaliban aka ɗauko shi, ma'anarsa gajiyar ƙwaƙwalwa. Daga baya masana da dama suka karkata ga cewa galibin abin fargaba ce da ciwon damuwa, sai dai sun ɓullo ta jiki, domin jiki ne kaɗai aka yarda ya yi ciwo ba tare da an yi wa mai shi wani irin kallo ba.

Yau sama da shekara sittin ke nan, kuma duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin makaranta a makon jarrabawa ya san kukan bai sauya ba. "Kaina ne." "Ƙirjina ke bugawa." "Kwana uku ban runtsa ba." A ɗebi jini a nemi zazzaɓin cizon sauro, a nemi taifot, a rubuta farasitamol, ɗalibi ya koma hostal da abin da ya kawo shi. Alhali akwai ma'aikacin da jami'a ta ɗauka domin irin wannan ɗalibi, wato mai ba da shawara. Yana da ofis, galibi ƙarƙashin shugaban sashen harkokin ɗalibai, kuma a makon tarbar sababbin ɗalibai akan ba shi 'yan mintuna ya gabatar da kansa. Daga nan sai mutum ya yi shekara huɗu ko biyar, ya sa rigar yaye, bai san inda ƙofar take kallo ba.

Ko sunan aikin ma bai zauna a Hausa ba. In ka ce kansila, hankali zai tafi ga kansilan mazaɓa. In ka ce mai ba da shawara, kowane dattijo a unguwa mai ba da shawara ne. Don haka gara a fara da rarrabe mutum uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya gama karatun likita sannan ya ƙware a wannan fanni. Shi ke tantance cuta, ya rubuta magani, ya kwantar da mutum in ta kama. Akwai masanin halayyar ɗan'adam na asibiti, mai yin gwaji da jinya ta hanyar zama da tattaunawa, ba ya rubuta magani. Na ukun shi ne mai ba da shawara, kuma a Najeriya galibinsu daga tsangayar ilimi suka fito, inda ake horar da malaman makaranta.

Wannan asalin yana da muhimmanci, domin shi ya sassaƙa aikin. Tarihin da ake koyarwa ya fara ne a 1959 a makarantar 'yan mata ta St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan, inda sistocin Katolika suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa 'yan ajin ƙarshe bayanin irin ayyukan da za su iya nema. A 1976 aka kafa ƙungiyar masu wannan sana'a, wadda yau ake kira CASSON, sai Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta shigar da aikin cikin tsarin makarantu. Wato tun farko tambayar da aka shirya mai shawara ya amsa ita ce: wane fanni ya dace da wannan yaro, kimiyya ko adabi, kuma yaya zai tsara karatunsa. Aiki ne mai amfani. Amma wanda ke zaune gabansa yau ɗalibi ne da ya daina cin abinci, ko wadda ke firgita cikin barci tun ranar da 'yan bindiga suka shiga unguwarsu, ko wanda ya fara cewa mutuwa ta fi masa. Wasu masu shawarar sun nemi ƙarin horo da kuɗin aljihunsu, kuma suna aiki tuƙuru. Tsarin da ya yaye su ne bai tanadi wannan nauyi ba. Sai a 2022 aka sa hannu kan dokar kafa majalisar da za ta yi wa masu sana'ar rijista da sa musu ido.

Me ya sa nauyin ya taru a jami'a? Ɗaya daga cikin dalilan shekaru ne kawai. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, wanda ake yawan kafa hujja da shi, ya gano cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa kan fara bayyana zuwa shekara 14, kashi uku cikin huɗu kuma zuwa shekara 24. Ko da jami'a aljanna ce, a shekarun da ɗalibi ke cikinta ne ciwon da ke kwance zai ɗaga kai. To balle jami'ar da muka sani. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibi na zaune a gida yana ƙirga shekarunsa, domin in ya haura 30 kafin ya gama ba zai je bautar ƙasa ba, bankuna da kamfanoni kuma kan gindaya iyakar shekaru a tallar aiki. Ana dawowa sai a matse zango, a haɗa lakca da gwaji da jarrabawa a 'yan makonni. A 2023 aka cire tallafin mai, jami'o'in tarayya da yawa suka ninka kuɗin rijista. Bashin karatu na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ya rage wa wasu zafi, amma naira dubu 20 ta ciyarwa a wata kowa ya san inda take tsayawa a kasuwa.

A Arewa akwai ƙarin abin da littattafan koyar da shawara ba su hango ba. A Janairun 2017 bam ya tashi a masallaci cikin Jami'ar Maiduguri. A Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai 39 daga kwalejin gandun daji ta Afaka a Kaduna, wata guda bayan nan aka shiga Jami'ar Greenfield, inda aka kashe biyar daga cikin waɗanda aka sace. A Satumban 2023 aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya a Sabon Gida, a Oktoba kuma aka ɗauki 'yan mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Idan aka sako su akan yi hamdala, a ɗauki hoto, a kai su asibiti a duba jiki. Abin da ke biyo baya wata shida ko shekara, da halin da abokan ɗakinsu da suka ɓuya a ƙarƙashin gado suke ciki, wannan ba ya shiga labarai, kuma kan teburin mai shawara ya kamata ya sauka.

Amma ciwon da na fi gani yana cin ɗalibi a ɓoye bai kai wannan ƙara ba. A ɗauki yaron da ya samu gurbin karatun likita. Tun ranar da sunansa ya fito, gida da unguwa sun koma kiransa Dakta. Mahaifi ya sayar da gona ko shanu. A aji biyu ko uku ya faɗi babbar jarrabawa, ya sake, ya kuma faɗi, aka ce ya nemi wani fanni ko ya bar makaranta. Da wane baki zai faɗa a gida? Akwai waɗanda kan ci gaba da zama a makaranta shekara guda ko biyu, suna karɓar kuɗin rijista, suna tafiya hutu tare da kowa, ƙarya na haihuwar ƙarya, har ranar da ya kamata a zo bikin yaye ta matso. Irin wannan yaro yana cikin haɗari na gaske, kuma abin da yake buƙata bai fi ƙarfin mai shawara ba: wanda zai saurare shi ba tare da zagi ba, ya zauna da shi su lissafa mafitar da ta rage, in ta kama ya kira mahaifin ya tsaya a tsakani ranar da za a fasa ƙwan. Sau da yawa bai zuwa.

Dalilin farko da kowa ke kawowa shi ne kalmar hauka. Gaskiya ne. A bakin jama'a babu matakala tsakanin lafiya lau da taɓin hankali, kuma sunayen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau, Kware da Barnawa sun zama abin tsokana tun a filin wasan yara. Ga 'ya mace abin ya fi muni, domin maganar kan bi ta har lokacin binciken aure, ta shafi ƙannenta ma. Ga tarbiyyar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji ba ya kuka, asirin gida ba a kai wa bare. Ga kunya, wadda ta sa budurwa ba za ta zauna ita kaɗai da namijin da ba ta sani ba ta faɗa masa abin da ko yayarta ba ta sani ba. Jami'ar da ofishinta babu mace, ta rufe ƙofa ga rabin ɗalibanta ba ta sani ba.

Sai dai a ganina an cika ɗora laifin kacokan kan al'ada, kamar ɗaliban ne jahilai. Ɗalibi yana da wayo, kuma lissafi yake yi. Yana duban inda ofishin yake: ƙarƙashin sashen da ke raba ɗaki a hostal, sashen da ke da hannu a ladabtarwa, sashen da ake kai rahoton wanda aka kama. Yana duban wanda ke zaune a ciki, wani lokaci malami ne da ke koyar da shi ko abokin mai duba furojet ɗinsa. Yana duban baranda, inda masu jiran sa hannu a takarda za su ga shigarsa da fitarsa. Sai ya tambayi kansa: abin da zan faɗa a nan, ina zai kwana?

A duba maganar ƙwaya. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a shekarar da ta gabata. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Wasu ɗaliban ba don nishaɗi suka fara ba. Sun fara ne don su iya kwana karatu, ko don su samu barci, ko don zuciya ta lafa. A dokokin makarantu kuwa shan ƙwaya laifin kora ne, NDLEA kuma ta daɗe tana kira a riƙa yi wa ɗalibai gwaji. Yaron da ya gane tiramadol ya kama shi, yana son ya bari, in bai da tabbacin cewa mai shawara ba zai miƙa sunansa ga kwamiti ba, shirunsa hankali ne. Haka yarinyar da malami ya matsa wa lamba da maki: tana tsoron maganar ta zagaya ta koma kunnen mutumin kafin sakamako ya fito.

Sannan ga doka. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 mai tushe tun 1916, kuma ta amince da haƙƙin majinyaci na a rufa masa asiri, a kuma daina nuna masa wariya. Ci gaba ne babba. Amma ba ta taɓa sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ba, wanda ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Sashe na 327 na kundin Kudu ma ya tanadi ɗaurin shekara guda. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, Ma'aikatar Lafiya ta Najeriya ma ta bayyana aniyar bin sahu. Ko ba a cika gurfanar da kowa ba, kasancewar sashen a rubuce ya isa ya sa abokan ɗaki su rufe maganar, su ce zazzaɓi ne ya kayar da shi.

Rufin asiri a wannan aiki yana da iyaka, kuma dole a faɗa wa ɗalibi iyakar tun zaman farko. Ƙa'idar sana'ar ita ce: abin da ka faɗa ya tsaya a ɗakin nan, sai fa in ranka ko ran wani na cikin haɗari, a nan zan nemi taimako, kuma zan gaya maka kafin in nema. Ɗalibi zai iya zama da wannan sharaɗi in ya san shi. Abin da ba zai iya zama da shi ba shi ne rashin sanin ko shugaban sashe zai iya aiko masinja a ɗauko fayil ɗinsa. Shi ya sa nake ganin gyara mafi araha ba gini ba ne. Jami'a ta rubuta a dokarta cewa bayanan ofishin shawara ba sa shiga fayil ɗin ɗalibi, mai shawara ba ya zama a kwamitin ladabtarwa, kuma wanda ya kawo kansa kan matsalar ƙwaya jinya za a nema masa. A kuma matsar da ofishin kusa da asibitin makaranta, inda shiga ba ta zama labari.

Wani zai ce ai muna da malamai, muna da addu'a. Muna da su, kuma a gaskiya su ɗalibi ke fara nema: limamin masallacin makaranta, 'yan'uwa a ƙungiyar ɗalibai Musulmi, fasto ko shugaban zumunta ga Kirista. Mai shawarar da ya ɗauki waɗannan a matsayin kishiyoyi ya yi asarar ƙofa mafi faɗi. Ba kuma baƙon ilimi ba ne a Musulunci. Wani masani Musulmi, Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 miladiyya, ya rarrabe baƙin cikin da ke da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba dalili yana da nasaba da jiki, ya ce kowanne da irin maganinsa. Inda matsala take shi ne lokacin da aka ce wa mai ciwon damuwa raunin imani ne, sai ya ƙara laifin kansa a kan ciwonsa. Ko a yi wata huɗu ana ruƙiyya ga yaron da ya fara jin muryoyi yana zargin abokan ɗaki da sa masa guba, alhali irin wannan ciwon jinkirin magani na ƙara masa tsanani. Limamin da aka zauna da shi aka nuna masa alamomi huɗu ko biyar zai iya cewa, "Ɗana, za mu ci gaba da addu'a, amma gobe ni zan raka ka wurin Malama a ofishin shawara." Wannan jumla daga bakinsa ta fi allon sanarwa goma.

To in ɗalibi ya zo, kuma abin ya fi ƙarfin zama da tattaunawa fa? A nan sarƙar ke tsinkewa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. Tsofaffin jami'o'i suna da sauƙi: Zariya na da asibitin koyarwa a Shika, Bayero na da na Malam Aminu Kano, Sakkwato da Maiduguri kowacce na da nata, ga asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a kusa. Mai shawara a sababbin jami'o'i irin na Gashuwa ko Kashere ko Dutsin-Ma kuwa, in ya ce a kai ɗalibi ga likita, magana ce ta mota da mai da hanya da wanda zai raka, sannan kuɗin maganin wata-wata. Ga dare: damuwa ba ta san ƙarfe huɗu na yamma ba, ofis kuwa ya sani. A 2022 ma'aikatan da ba sa koyarwa, 'yan SSANU da NASU, su ma sun yi watanni suna yajin aiki, wato a lokacin da ɗalibai suka fi shiga ƙunci babu ko wanda zai buɗe ƙofar.

Ƙungiyar da ke tantance cibiyoyin shawara na jami'o'i a Amurka ta ba da ma'aunin ƙwararre ɗaya ga ɗalibai 1,000 zuwa 1,500. Jami'a mai ɗalibai dubu 40 za ta buƙaci kusan mutum 30 ke nan. Ba na jin akwai amfani mu zauna jiran wannan adadi. Zimbabuwe ta nuna wata hanya. Likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare, suna sauraron masu fama da abin da Shonawa ke kira yawan tunani, suna taimaka musu su warware matsala ɗaya bayan ɗaya, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna a bencin sun fi samun sauƙi. Jami'a na da irin waɗannan mutane a shirye: matan da ke kula da hostal, masu gadin ƙofa da suka san wanda bai fito ba kwana uku, malamin da ke kula da rijistar aji wanda shi ke fara ganin maki ya rufto, da shugabannin aji. Sharaɗin shi ne a koya musu iyakarsu, kuma ƙwararre ya riƙa bibiyarsu. In ba haka ba, an ɗora wa ɗan shekara 20 asirin da zai hana shi barci shi ma, ko kuma asirin ya zama hirar ɗaki.

Akwai wata ƙa'ida ƙarama da ta fi damuna, domin a nan ake gane matsayin mai shawara a idon jami'a. Ɗalibin da ya karye a ƙafa zai kawo takardar likita, a jingine masa zango, ya dawo ya ci gaba ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Wanda ciwon damuwa ya kwantar mako shida, ya kasa ko wanka balle lakca, shi ma a ƙa'ida yana da wannan dama. Amma maganar mai shawarar da ya zauna da shi sau biyar ba ta cika wadatarwa ba. Ana son rahoton likita. In ya samo, takardar na ɗauke da tambarin sashen masu taɓin hankali, kuma za ta bi ta hannun malamin rijista, ta je teburin shugaban sashe, ta shiga taron tsangaya, kafin ta isa majalisar jami'a, kowane tebur da magatakardansa. Ana iya tsayar da rahoton a hannun daraktan asibitin makaranta shi kaɗai, ya rubuta layi guda cewa rashin lafiya ce aka tabbatar, ba tare da ambaton wace iri ba. Inda ba a yi haka ba, ɗalibi kan riƙe takardar a aljihu ya auna hannuwan da za ta ratsa, sannan ya ninke ta, ya shiga ɗakin jarrabawar da ya san ba zai ci ba, ya karɓi kari-oba uku.